Bin Gidajen Abinci da Agogo a Hannu

12 ga Afrilu, 2025

Na buɗe sabon littafi domin wannan aiki. Niyyata ita ce in bi ƙananan gidajen abinci, gidajen burodi, shagunan gahawa da na kayan zaƙi da ke kusa da ni, iya inda ƙafa za ta kai, in rubuta abin da na tarar. Manyan kamfanoni masu rassa ba sa cikin lissafi. Ba ƙinsu nake yi ba, babu dai abin ganowa a wurinsu: abin da suka ba ka bana shi za su ba ka baɗi.

Dokokin da na kafa wa kaina ba su da yawa. Ni zan biya kuɗin abin da na ci. Ba zan faɗa wa kowa rubutu nake yi ba. Ba zan yanke wa wuri hukunci da zuwa guda ba. Ba ni na ƙirƙiro su ba, haka masu binciken littafin Michelin, jagorar matafiya mai tantance gidajen abinci, suke aiki. Kamfanin taya ne na Faransa, ya fara raba littafin kyauta ga masu mota a 1900 don su yi ta tafiya taya na cinyewa, ya fara ba gidajen abinci tauraro a 1926, ya kai su uku a 1931. Daga cikin abubuwan da suke dubawa har da ko abincin wuri yana tsayawa yadda yake daga wannan zuwa zuwa wancan. Wannan sharaɗin ne ya fi jan hankalina.

Kowane shafi na raba shi gida biyu: abin da na ci, da yadda na same shi. Ƙanwata ta leƙa ta ce, "Yaya, ƙara gida na uku ka riƙa sa ƙarfe nawa ne. Wurin nan da kake ta yabo, da rana ka je. Ni da daddare na je, ko rabin faranti ban iya ci ba." Na ja layin.

20 ga Afrilu

Gidan burodi na farko. Ɗan ƙaramin wuri ne, kanta a gaba, tanderu a baya, labule kaɗai ya raba su. Na je da sassafe ina ganin na yi sammako, ashe wani a tafe ya kwana. Dattijon da ke da wurin tun tsakar dare yake kan kwaɓi, zubin farko har ya fito yana huci a kan katako.

Na miƙa hannu zan ɗauki wanda ya fi zafi, sai ya ce, "A'a ɗana, bar wannan. Ɗauki na can gefe, ya sha iska." Na ce, "Baba, ai mai zafin nake so." Ya ce mai zafi hanci yake yi wa daɗi, ba baki ba.

Yana da gaskiya. Sanda burodi ya fito daga wuta, cikinsa yana dab da zafin tafasasshen ruwa, tururi bai gama fita ba, sitacin da ke ciki bai gama kama jikinsa ba. In ka yanka shi a lokacin, wuƙa za ta danne shi ya yi danƙo. In ka ɗaure shi a leda, tururin ya koma raɓa a jikin ledar, ɓawon ya saki, fumfuna ta samu wurin zama. Yana buƙatar kamar awa guda yana shan iska, babba ma fiye da haka.

Daga nan kuma sai ya fara tsufa. Yawancinmu mun ɗauka bushewa ce ke sa burodi tauri. Wani masanin Faransa mai suna Jean-Baptiste Boussingault ya gwada abin a 1852: ya rufe burodi ruf yadda danshinsa ba zai fita ba, amma duk da haka ya taurare. Sitacin da wuta ta sassauta ne yake komawa ya ɗaure kansa a hankali. Sanyin firiji yana ƙara wa wannan abu sauri, shi ya sa burodin da aka sa a firiji yake rigan na kan tebur tsufa. Firiza kuwa tsayar da shi take yi cak. Ɗumamawa tana warware taurin na ɗan lokaci, amma da ya sake hucewa sai ya fi da.

Da yamma na biyo ta wurin na sayi irinsa daga abin da ya rage. Fulawa ɗaya, hannu ɗaya, tanderu ɗaya, amma da za a rufe min ido in ɗanɗana, cewa zan yi gidaje biyu ne. Na rubuta: tsakanin bakwai da rabi zuwa goma na safe.

3 ga Mayu

Gidan burodi na biyu ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba. Gilashi tas, fitilu, kaya a jere. Abin da na rasa shi ne ƙurar fulawa da ƙarar injin kwaɓi. Na tambayi yarinyar da ke kanta, ba ta ɓoye ba: "Yallaɓai, a daskare ake kawo mana, mu dai gasawa muke yi."

A Faransa da wannan shago bai isa ya rubuta sunan gidan burodi a ƙofarsa ba. Wata doka ta 1998 ta keɓe sunan ga wanda yake kwaɓawa, ya bar kwaɓin ya tashi, ya mulmula, ya gasa, duk a wurin da yake sayarwa, ba tare da an daskarar da komai ba. Ina son dokar, domin mai saye ya cancanci sanin abin da yake saye.

Sai dai ga abin da ya ɗan ɓata min rai. Kurwasan ɗinsu, wannan mai siffar jinjirin wata, na same shi minti ashirin da fitowa, kuma ya fi wanda na taɓa ci a wani wurin da ake yi da hannu tun asuba a bar shi a gilashi har yamma. Ana yin sa ne ta hanyar naɗe bota cikin kwaɓi a ninka uku, a sake, a sake, har a samu shimfiɗar bota 27. Wuta ta mayar da ruwan cikin botar tururi, tururin ya ɗaga shimfiɗun. Bayan 'yan awanni danshin ciki ya ratso waje, ƙaras-ƙaras ɗin ya tafi. Asali mai kyau ba ya hana wannan.

Suna gasawa da safe, su sake wajen ƙarfe huɗu. Na huɗun nake so, layi bai kai na safe ba.

7 ga Mayu

Gidan abinci irin wanda tukwane ke jere a bayan gilashi, ka nuna a zuba maka. Ƙarfe ɗaya na rana wurin ba masaka tsinke, tiren shinkafa na ƙarewa ana sauke wani, kaza na fitowa daga madafa tana turiri. Na ci na ƙoshi, na yaba. Ƙarfe biyar na wata ranar, kujeru duk wayam, shinkafar ta bushe a gefen tire, miyar ta yi fata a sama, naman ya yi ɗumi-ɗumi. Wannan ɗumi-ɗumin shi ne abin tsoro, ba rashin daɗin ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita maganar cikin lambobi kaɗan: dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, ko ƙasa da digiri 5, kuma kada a bar shi a fili fiye da awa 2. Tsakanin 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. A ƙiyasin da hukumar ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo duk shekara ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su mutu.

Shinkafa tana da nata sharrin na daban, ga shi ba a cika zarginta ba, nama da kifi ake tuhuma. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, mai ɓuya cikin ƙwanso mai tauri wanda dahuwa ba ta kashe shi. Idan dafaffiyar shinkafa ta zauna da ɗumi, sai ta farka ta yaɗu ta zuba dafi, dafin kuma ko an sake ɗumamawa ko an soya ba ya mutuwa. Amai yakan zo cikin 'yan awanni. Saboda haka soyayyiyar shinkafa ta yamma, wadda wataƙila ragowar farar ta rana ce, ita nake fara tambaya a kanta.

Da na zauna ina tunani, sai na ga matsalar tana cikin alkawarin da gidan abinci ya ɗauka tun asalinsa. Kafin shekarun 1760, wanda ke son cin abinci a waje a Paris sai ya je masauki a lokacin da mai masaukin ya tsayar, ya zauna tebur guda da baƙin fuska, ya ci abin da aka dafa ranar. Sabon abin da gidajen abinci na farko suka kawo, irin wanda Mathurin Roze de Chantoiseau ya buɗe a 1766, shi ne ka zo sanda ka ga dama, ka zauna teburinka, ka zaɓa daga takarda mai farashi. A ƙasar Sin ma biranen Kaifeng da Hangzhou sun san irin wannan tun ƙarni na 12. To "sanda ka ga dama" hanya biyu ce kawai ake cika shi: ko a dafa bayan ka zo, ka yi jira, ko a dafa tun da wuri a ajiye yana jiranka. Ƙaramin wuri mai kuku ɗaya ba zai iya ta farkon ba a kan kowane abinci. Yana buɗe daga safe zuwa dare, amma a gaskiya lokacin cinsa awa biyu ne ko uku, kamar na mai masaukin da. Ba ya dai rubutawa a ƙofa.

18 ga Mayu

Ashe ba awa kaɗai ba, rana ma tana da tasiri. Wurin soyayyen kifi da dankali da ke bakin titi: wani zuwan dankalin ja-ja mai haske, wani zuwan ya yi duhu yana ɗaci a maƙogwaro, alhali lokaci ɗaya nake zuwa. Na tsaya na kalli kaskon. Man ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi tun bai kai zafin suya ba, wanda yake wajen digiri 175 zuwa 180. Duk suyar da aka yi, zafi da iska da ruwan jikin abinci suna farfasa man. Ƙasashen Turai da dama sun sa iyaka: idan lalatattun sinadaran cikin mai suka kai kashi 24 zuwa 27 cikin 100, gwargwadon ƙasa, zubarwa ya wajaba. Akwai ɗan ma'auni da ake tsomawa a gani. Ƙaramin mai suya da ido yake aunawa, aljihu kuma yana da ta cewa.

Na ce wa kukun, "Malam, yaushe ake canza mai?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ka san kan abin. Zo ranar Talata." Ban ga alamar ya ji haushi ba, har ƙari ya yi min.

Soyayyen dankali ba na ɗauka a tafi gida ba ne. Tururin cikinsa ke jiƙa ɓawon, cikin 'yan mintuna a rufaffen mazubi ya zama lagwani.

1 ga Yuni

Ban samu fita sosai ba. Wuri ɗaya da na sa a jeri ya rufe kafin in kai gare shi, an liƙa takardar neman mai haya.

14 ga Yuni

Makonnin nan na shagunan gahawa ne. A nan lissafin ya sauko daga awa zuwa daƙiƙa.

Cibiyar da ke kula da ingancin esfireso a Italiya, wato kakkaurar gahawar nan 'yar kaɗan da inji ke tatsowa, ta tsayar da ma'auninta: garin gahawa giram 7, ruwa mai zafin digiri 88 ko kusa da haka, injin ya tura shi da ƙarfin da ya ninka nauyin iska sau 9, ya zubo cikin daƙiƙa 25, a samu mililita 25. Masu shaguna na zamani suna ƙara gari, suna wasa da lambobin, amma daƙiƙun ba sa nisa da nan. In ya zubo cikin daƙiƙa goma, tsami da salam za ka sha. In ya ja har minti guda, ɗaci. Ina zaune nake ƙirgawa a zuci daga sanda injin ya fara ƙara, kuma sau da yawa na san abin da za a kawo min kafin ya iso.

Abu biyu nake dubawa tun daga ƙofa. Na farko injin niƙa: ana niƙawa ne in an yi oda, ko an niƙa tuli tun safe yana zaune? Ƙamshin gahawa a rufe yake cikin ƙwayar, da an niƙa ya fara gudu, cikin mintuna mafi kyawunsa ya tafi. Na biyu butar madara. Madara tana fin daɗi a digiri 60 zuwa 65. Ta wuce 70, zaƙinta ya dushe ta fara warin dahuwa. A wani shagon na ga saurayin yana tara ragowar madarar da ya riga ya dafa, ya ƙara sabuwa a kai ya sake hura mata tururi. Na ce, "Ƙanina, don Allah zuba min sabuwa." Ya ce oga ne ya hana zubarwa. Ban ja maganar ba, ba laifinsa ba ne.

Shagon da ya fi duka iya gahawa kuwa yana fama da wani ciwon. Mai shi ta zauna kusa da ni da rana tsaka tana kallon teburanta cike da masu kwamfuta. Ta ce, "Malam, dubi. Mutum ya sayi kofi ɗaya tun safe, ya riƙe min kujera da soket har yamma. In na yi magana a ce ba ni da kirki." Na tausaya mata, amma ban ga mafita mai sauƙi ba, domin tun fil azal zama ake saye a irin wannan wuri, gahawar kuɗin shiga ce. Wajen 1555 wasu mutum biyu daga Halab da Dimashƙa suka buɗe shagunan gahawa a Istanbul, nan da nan suka zama matattarar masu karatu da masu dara. Landan ta samu nata na farko a 1652 a hannun Pasqua Rosée. Zaman ya yi yawa har Sarki Charles na biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675 don ana yi da gwamnati a ciki, ya janye cikin 'yan kwanaki da mutane suka yi ca. Kasuwar inshora ta Lloyd's daga shagon gahawar Edward Lloyd ta tsiro, inda masu jiragen ruwa ke wuni suna jin labari. Su ma ban jin kofi goma-goma suke saye.

Na rubuta mata ƙarfe takwas zuwa tara na safe, kafin masu kwamfuta su kafa sansani. Kofin farko na ranar ba shi nake so ba, sai injin ya ɗau zafi an daidaita niƙa.

28 ga Yuni

Na ɗauki wuraren da na riga na sani na duba taurarin da mutane suka ba su a intanet. Gidan tukwanen nan na bayan gilashi yana da masu ba shi biyar da masu ba shi ɗaya, kowa na rantsuwa. Da na bi hotunan da suka ɗora, masu yabo hasken rana ne a hotunansu, masu zagi hasken fitila. Duk gaskiya suka faɗa. Manhajar ta tara su ta raba, ta fitar da lamba a tsakiya wadda ba ta yi daidai da abincin rana ba, ba ta yi daidai da na dare ba.

Ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗan shago. Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya bi gidajen abincin birnin Seattle na Amurka, ya fitar da sakamako a 2011: ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, shafin intanet da mutane ke ba wurare taurari, yana ƙara kuɗin shiga da kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Kuma a kan masu zaman kansu abin yake aiki, bai taɓa masu rassa ba, tunda su an riga an san su. Wato mutum ɗaya da ya zo a makare ya ci ɗumame yana iya taɓa abincin iyalin wani.

Takardar duba tsafta ma haka take. New York ta fara liƙa wa gidajen abinci harafin A, B ko C a 2010, a Ingila kuma maki ne daga 0 zuwa 5. Suna da amfani, inda akwai su ina dubawa. Amma shaida ce ta ranar da mai duba ya zo, a awar da ya zo.

9 ga Yuli

Askirim. Ƙanwata ta ce wannan ɓangaren ba za a yi shi babu ita ba.

Abu uku ne a cikinsa: ƙanƙara, mai da iska. Iskar ana kaɗa ta ne a ciki yayin daskarewa, kuma a mai araha tana iya kai rabin abin da ke cikin mazubin. Shi ya sa dokar Amurka ta bi ta nauyi: kafin a kira abu askirim sai man madararsa ya kai kashi 10 cikin 100, galan guda kuma ya kai fam 4.5. Ɗauki kofuna biyu masu girma ɗaya daga shaguna biyu, ka auna a tafin hannu, za ka san wanda ya sayar maka da iska. Jelato na Italiya iskarsa kaɗan ce, ana kuma ba da shi da sanyin da bai kai na askirim ba, shi ya sa ɗanɗanonsa ke fitowa da wuri.

Abin da ya shafi littafina shi ne ƙanƙarar. Sabon askirim ƙwayoyin ƙanƙararsa ƙanana ne ƙwarai, harshe ba ya jin su. Ajiyarsa digiri 18 ƙasa da sifili ce. Duk sanda ya ɗan saki, ko don an bar murfi a buɗe, ko an kashe firiza da dare, ƙananan ƙwayoyin su narke, in ya sake daskarewa ruwan ya manne wa manyan su ƙara girma. Ba ya komawa baya. In ka ji yana ƙaras-ƙaras kamar yashi a haƙori, tarihin firizar kake tauna.

Shago na farko yana da kala fiye da ashirin, an tula su sun yi tsauni sama da bakin mazubi. Na biyu kala shida ne, a rufe cikin gwangwanaye. Ƙanwata ta ja ni na farkon. Mun ɗanɗana wanda aka fi saye, lafiya lau. Mun ɗanɗana wani kore da ke can lungu, wanda da gani ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, ta yamutsa fuska ta ce, "Yaya, wannan ai ƙanƙara ce aka shafa wa kala." A wuri mai kala da yawa, ka bi abin da jama'a ke bi, shi ne ke ƙarewa a sake sabo. A na biyun duk wanda muka taɓa sumul yake.

Ka kuma kalli ruwan da ake tsoma cokalin ɗiba. In ya yi fari ya yi kauri, tun safe yake nan.

20 ga Yuli

Kek ya ɓata min tsari. Na zo da tunanin komai sabo ya fi, sai mai shagon kek ta ce, "Ɗan'uwa, wannan na jiya ne, kuma da gangan." Kek mai bota da yawa, ko mai 'ya'yan itace, yana fin daɗi bayan ya kwana: danshi ya ratsa ko'ina, ƙamshin ya zauna. Mai da sukari suna rage wa sitaci saurin ɗaurewa, abin da burodi bai samu ba. Amma duk mai kirim ko kwastad a ciki, dokar awa 2 tana kansa, kuma in na gan shi a kan kanta ba cikin sanyi ba, wucewa nake yi.

Wata tambaya da ba ta shafi agogo ba, amma na sa ta a littafin don masu kiyaye abin da suke ci: kayan zaƙi masu rawa-rawa da yawansu da jelatin ake yi, shi kuwa daga fatar alade ko fata da ƙashin shanu ake samo shi. Ruwan banila na asali ma, a ma'aunin Amurka, kashi 35 cikin 100 nasa barasa ce. Mai shagon da ta san aikinta za ta ɗauko maka kwalin ka karanta da kanka. Wannan ta ɗauko.

Dab da rufewa tana karya farashin abin da ya rage. Na ga hikimar. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a 2022, kashi 28 cikin 100 daga gidajen abinci da makamantansu. A Denmark har manhaja aka kafa a 2015, Too Good To Go, don sayar da ragowar yamma da rahusa. Ga busasshen kek da biskit, cinikin yamma riba ce. Ga mai kirim, a'a.

2 ga Agusta

Na kwashe abin da ke cikin littafin na mayar da shi jadawali a shafi guda: awanni a gefe daga shida na safe zuwa goma na dare, ranakun mako a sama, sunan wuri a gidan da ya dace da shi. Na bar batun jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Safiya ta cika har ta yi yawa, tsakar rana ma haka. Daga uku zuwa shida na yamma kusan fili ne, in ban da kurwasan na ƙarfe huɗu da askirim. Bayan takwas na dare babu komai tukuna.

Gyara ya riga ya fara shigowa. Dattijon gidan burodi ya ɗauki yaro, yanzu suna zubi na biyu da rana, sai na ƙara masa gida. Mai kifi ya ce ciniki ya ƙaru, yana canza mai sau biyu a mako, amma bai tsayar da rana ta biyun ba.

Abin da ke gaba: wuraren da sai dare suke buɗewa, waɗanda nake zaton su ne za su cike layin ƙasa tunda a gabanka suke dafawa. Zan sayi ɗan ma'aunin zafi na tsomawa a abinci don abin da na ɗauko zuwa gida, in daina aunawa da harshe. Akwai kuma gidan abinci ɗaya mai takardar jerin abinci shafi huɗu da kuku ɗaya tal, ina so in gano wanne daga ciki ake dafawa in an yi oda, wanne ake fitowa da shi daga firiza. Yaron da ke kawo abinci ya ce in zo ranar da oga ba ya nan.